Gaban gidan ya zauna shuɗi

Auta,

Na leƙa ɗakinka na tarar kana ta munshari, ban tashe ka ba. Na wuce wurin aiki, abincinka yana cikin kula.

Jiya bayan fitarka magini ya kawo samfurin abin da za a manna wa bangon waje, tayil da dutse. Suna nan jingine a bayan ƙofar kicin. Babanka ya kafe sai dutse, wai ruwa ba ya cin sa, an huta da fenti duk shekara. Gaskiyarsa ce. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauka na yarda.

Maginin zai dawo da hantsi. Ka ce masa gefe da baya ya sa dutsen, amma ban da gaban gidan. A yi masa sabon yaɓe, a mayar masa da shuɗin fentinsa sak irin na da. Tsohon gwangwanin yana cikin sito, ka nuna masa.

In babanka ya yi faɗa, ka ce ni ce. Ka san halin yayanka, ko lambar gidanmu bai taɓa riƙewa ba. Kullum abin da yake ce wa direba shi ne, "Gida mai shuɗin bango." Rabonsa da ƙofar nan tun kana firamare, ga layin duk ya canza, kowa ya ɗora bene.

Ba na so ranar da zai dawo ya wuce mu.

Mamanka