Jitar Da Ubanka Ya Yi Wa Ciki

Zuwa ga jikana Usmanu, angona da ya gudu ya bar ni ba ko sallama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Bur Sudan, ko duk inda jirgin ruwa ya kai ka yanzu, ina sanar da kai cewa ni kakarka ina nan unguwarmu Hindawiyya a Jidda da raina, sai gwiwa. Da hannuna na rubuta wannan, in ka ga baƙaƙen suna tangaɗi kada ka yi dariya, karatuna bai wuce na allo ba.

Usmanu, ubanka ba shi da lafiya. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace. An kai shi asibiti, likita ya duba ya ce mu koma da shi gida mu yi ta addu'a. Ka san abin da hakan ke nufi. Ka zo.

Na san abin da ya kore ka, amma rabin labarin ka sani.

Kai ne ka cika mini kunne da tarihin jita ina tsintar shinkafa. Ka ce da can da hanjin tumaki ake yin tsirkiyarta, gumin Jidda ya riƙa tsinka ta, sai aka koma ta roba irin zaren masunta. Ka ce masu son ƙara suka ɗaura ta ƙarfe, ita kuma ta riƙa lanƙwasa wuyan, sai wani mai dabara ya cusa sandar ƙarfe a cikin wuyan, ana ɗaure ta da ɗan mabuɗi. Na ce maka ni ma a cusa mini irinta a baya. Ka ce har kafaɗarta aka yanke don hannu ya kai ƙasa. Na ji tausayin baiwar Allah, kowa ya zo sai ya taɓa ta.

Sai ga ka wata rana da wadda ka saya wurin ma'aikacin jirgi. Ja wur, falan katako, ba ciki ba rami, kamar allon yanka nama. Ka ce ita ce ƙarshen zamani, wai wasu 'yan ƙarafa masu maganaɗisu ke tsotse muryar tsirkiya su aika ta waya zuwa akwatin lasifika. To akwatin ne ba ka da shi. Ka kaɗa mana ita a tsakar gida, muka ji kamar sauro ya faɗa kwalba. Na yi dariya har da hawaye, kai ma ka yi.

Ubanka bai yi dariya ba. Shi masassaƙi ne ɗan masassaƙi. Kakanka da garaya a kafaɗa ya taka daga Kano zuwa bakin bahar, kuma abin da ya koya masa ke nan: murya a ciki take, abin da ba shi da ciki ba ya magana. Da ya ga jitarka, cewa ya yi Turawa sun cuce ka, sun sayar maka da aikin da ba a gama ba.

Da ka tafi aikin hajji Makka, ya ɗauke ta ya kai rumfarsa. Mutumin da ya sha ce maka kiɗa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce, shi ne ya ajiye turamen mutane ya zauna da kurfi yana rarake ta a hankali. Ya cire ƙarafan nan ya nannaɗe su a tsumma, wai su suka shaƙe ta. Ya je mayanka da kansa ya zaɓo fatar ɗan akuya, ya jeme, ya shimfiɗa a kan ramin. Ya kawo mini ya kaɗa da babban yatsa, ta yi ɗan gurnani, ya ce, "Inna, kin ji ta fara numfashi." Yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Kai kuwa ka dawo ka gan ta a kan tabarmarka. Ka ɗauka wulaƙanci ne, ya yanka maka ita don ka bari. Ba ka tambaye shi dalili ba, shi ma girman kai na uba ya hana shi yi maka bayani. Kafin mu farga ka bi jirgi. Shi ke nan, gida ya mutu.

Yanzu yana kwance yana kallon ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ya yunƙura, in ya ga ba kai ba ne ya koma ya kwanta. Kunu ma sai na yi masa faɗa yake karɓa. Maganarsa ba ta fita, amma sunanka yana fita.

Ban ce bai ɓata maka kaya ba. Ya ɓata. Ko ni da ban san kan abin ba na ga ta koma kamar kaza da aka fige. Amma Turawa suna can suna ƙera wasu, gobe ma za su ƙirƙiro wadda ba ta da wuya gaba ɗaya. Uba kuwa ba a sake sassaƙa shi.

Ka san ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa rungumarsa a gaban mutane ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Yau na ajiye kunya. Isa ɗana ne, ina son sa, kuma ba zan iya kallonsa ya tafi da wannan ƙullin a zuciya ba. Na tsufa da roƙo, amma ga ni ina roƙonka. Ko ba za ka yi magana ba, ka zo ka zauna inda idonsa zai kai.

Allah ya sa takardar nan ta riske ka kafin wani labari ya riga ta. Allah ya sassauta zuciyarka, ya kwantar maka da bahar, ya ara wa Isa kwana har ka iso. Amin.

Ni ce kakarka,
Hajiya Ta Annabi, Hindawiyya