Goggo Ta Miƙe Don Mahaifinta

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya iyali, ya zaman Fatakwal? Mu nan Abakpa kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ranar tunawa da 'yan mazan jiya Goggo Hauwa ta matsa sai na kai ta wurin taron. Tana cikin mahaifiyarta kakanmu ya tafi yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Da aka busa begila wuri ya yi tsit, sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, duk da ciwon gwiwarta. Na ce ta zauna. Ta ce, "Ƙyale ni, Bala. Ban san kabarinsa ba, nan zan tsaya masa."

Ka gaida maiɗakinka da yara. Ku sa shi a addu'a, shi da duk waɗanda suka kwanta can.

Ƙaninka,
Bala