Yayana Ya Ƙi Hawa da Ƙafar Hagu

Gwaggo Barira, assalamu alaikum. Don girman Allah ki agaza min da shawara, kaina ya kulle. Ni mutum ne da baki ke ci da shi. Na daɗe a Guangzhou ina shiga tsakanin 'yan kasuwarmu da 'yan Caina, kuma ba a yi mai shagon da zai ce min "meyo", wato babu, ban sa ya shiga ciki ya lalubo ba. Amma yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya gagari bakin nan nawa.

Daga Kano ya zo sarin takalma. Ranar lodi ya zame daga bakin kwantena, kwatangwalon dama ya karye, aka yi masa tiyata aka sa ƙarfe. Yana kwance bizarsa ta ƙare. Garin kuwa ya ɗau zafi saboda wasannin Olamfik, ba mai ba baƙo ɗaki sai ya ga takarda, nawa ɗakin kuma can sama yake a ginin da ba lifta. Sai wani lawban, wato mai masana'antar da nake kai wa ciniki, ya ara mana ɗakin tirela, irin wanda Turawa ke ɗaura wa mota su tafi shan iska. Yana ajiye a bayan sitonsa a hanyar Nansha. Na ce wa Yaya gidan hutu na samo masa. Akwati ne mai taya, Gwaggo.

Matakalarsa 'yar ƙarfe ce siririya, tana lilo, takunta da tsawo, ba abin dafawa, daga ita sai cikin ɗaki. Famfo da banɗaki kuma suna tsakar fili. Likita ya ja kunnenmu: in zai hau ya fara da ƙafa mai lafiya, in zai sauka ya fara da mai ciwon. To mai lafiyar ita ce hagu. Yaya ya ce tun da mahaifinmu ya koya masa shiga ɗaki da dama da bismilla, fita da hagu, bai taɓa saɓawa ba, ba kuma ɗan Caina ne zai sauya masa ba yanzu da ya fi bukatar Allah. Kin ga kenan hawa da sauka duk a juye yake yin su, nauyinsa duka a kan ƙarfen.

Na kawo dabara iri-iri. Na ce tirela mota ce ba ɗaki ba, ya ce inda ya kwana ya yi salla ɗaki ne. Na ce zan goya shi, ya ce ba gawa ba ne. Ranar Juma'ar da ta wuce an yi ruwa, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya rataye a jikin ƙofa yana wani irin nishi da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Likita ya riga ya ce in ƙarfen ya goce da wuya ya sake tafiya daidai. Tun ranar ya rage shan ruwa a wannan zafin, don kada ya bukaci sauka. Leɓensa ya tsage. Matarsa Habsatou tana bugo waya ina ce mata yana samun sauƙi. Yaya zan yi da shi?

Ɗan Tsakiya, daga Guangzhou

*

Ɗana, wa alaikumus salam. Allah ya ba yayanka lafiya.

Ka daina ciniki da shi, ba farashi yake ja ba. Mutum ne da aka raba da kasuwarsa da iyalinsa da ƙafarsa a ƙasar da ba ya jin yarenta. Abin da ya rage a hannunsa shi ne yadda yake shiga ɗaki, kai kuma shi kake so ya saki. Amma likita ma gaskiya ya faɗa, ƙashi bai san niyya ba. Na san malamai sun ce lalura tana da hukuncinta, sai dai wanda ya ƙi jin ƙaninsa yau ba lalle ya ji fatawa gobe ba, ƙafar kuma ba za ta jira ba.

Laifin na matakalar ne, domin ta haɗa hawa da shiga wuri guda. Raba su. Ka nemo kafinta ya yi dandamali mai faɗi daidai da dokin ƙofar, wanda mutum zai tsaya a kai da ƙafa biyu da sandarsa har ya juya. Katako ba ya wuya a sito. A yi masa matakala gajeru masu faɗi, a kafa abin dafawa hagu da dama, a shimfiɗa roba saboda santsi, a danne tirelar ta daina motsi. Sai ya hau da hagu yadda likita ya ce, ya tsaya a dandamali, ya yi bismilla ya tsallaka ƙofa da dama. In zai fita, ya fito da hagu, ya sauka da dama. Ba wanda ya karya maganar wani. Ka nuna wa likitan kafin yayanka ya taka.

Kafin a gama aikin, ka sa masa bokiti mai murfi da kujera mai tsawo a ciki, ka kwashe da hannunka ba tare da ka yamutsa fuska ba. Ya sha ruwa yau ɗin nan, kada a gyara kwatangwalo a rasa ƙoda. Abin da ya faru ranar Juma'a ma a koma asibiti a duba ƙafar. Takardun asibiti kuma ka ɗauka ka je ofishin biza da ƙafarka, ɓuya ba ta warkar da kowa. Habsatou ta ji gaskiya daga bakinka, mijinta ne.

In an gama, kada ka ce masa ka yi ne don ya kasa. Ce masa ɗaki ba ya cika sai da baranda. Allah ya miƙar da shi, ya mai da ku gida yana tafe da ƙafarsa.

Gwaggo Barira