Yarinya Mai Tulu a Kan Takarda

Litinin, 5 ga Agusta, 1957. Gusau.
Na koma aiki. Motar majigi tana ajiye saboda damina, ba ƙauyen da za mu je in yi wa mutane bayani da lasifika. Kowa ya yi mini gaisuwa, na amsa. Ƙyanda ce ta ɗauke yarinyar, 'yar farinmu. Ban yi kuka ba. Uba ba ya kuka a kan ɗan fari, kamar yadda ba ya kiran sunansa ko ya ɗauke shi a gaban mutane. Ni kuwa ko a ɓoye bai zo ba.

Alhamis, 8 ga Agusta.
Tanko, mai harba majigi, ya gaji da ganina zaune kamar turmi. Ya koyo zanen da ke motsi a Kaduna, ya ce zai koya mini. Ka ɗora takarda a gilashin taga, ka zana mutum. Ka ɗora wata a kai, ka bi inuwar ta ƙasa, amma ka ɗan gusar da ƙafa. Ƙusa biyu ke riƙe takardun kada su goce. In sun taru ka kaɗa su da babban yatsa, sai mutumin ya taka. Na gani. Ban ji komai ba.

Talata, 13 ga Agusta.
Ƙwallo na zana yini guda, yana faɗuwa yana tashi. Tanko ya ce nawa dutse ne.

Asabar, 17 ga Agusta.
Shafa'atu, matata, ta kawo tuwo, na ci. Ba ma maganar. Ita ma kunyar ta hana ta. Na gwada tuna fuskar yarinyar, ta ƙi zuwa. Shekara bakwai ina kau da kai in ta shigo. Ba ta da hoto. In ta ɓace daga kaina, shi ke nan.

Juma'a, 23 ga Agusta.
Tanko yana son mu aika zane Kaduna a ɗauka a fim: yarinya ta ɗebo ruwa a rijiya, ta rufe tulunta. Ni zan zana tafiyarta, ta baya, ba fuska. Zanena na farko ya kaɗa ya yi dariya. "Malam Lawwali, wannan soja ne ko yarinya? Ba a zana tafiya da ka. Sai wadda ido ya taɓa gani."

Laraba, 28 ga Agusta.
Zane. Wuya na ciwo. Ruwa.

Juma'a, 4 ga Oktoba. Tsafe.
Mota ta fita. Na yi bayanin fim ɗin auduga, mutane suka yi ta dariya inda aka saba. Bakina ne ke aiki. Da rana na jingina gilashi a jikin mota na ci gaba da zane. Hannu ya fara tafiya shi kaɗai.

Litinin, 7 ga Oktoba. Bunguɗu.
Tanko ya kaɗa sabon zanen. Ya ce yanzu ta zama mutum, sai dai a tsakiya tana tsayawa ta sosa ƙwaurinta da yatsan ɗaya ƙafar. "Wa ya sa ka? Ɓata fim ne. Cire waɗannan." Ban san na zana haka ba. Na ce to. Ban cire ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba. Gusau.
Na kawo takardun gida don in cire. Shafa'atu tana tsince shinkafa, ta ce, "Mi aka yi da wanga tarin takarda?" Na kaɗa mata. Ta ce in sake. Na sake. Da aka zo wurin susar, faifan ya zame daga cinyarta, kaji suka taru, ba ta kore su ba.
Ta ce, "Malam, yaushe kag gane ta haka? Kai da ba ka ko dubin ta."
Na ce ban sani ba. Gaskiya ce. Ashe duk kau da kan nan, gefen idona yana wurinta.
Ta ce, "Sake."
Muka yi ta yi har gefen takardun ya yi baƙi. Ita ta yi kukan. Ni yatsana ne ya ƙi tsayawa.

Asabar, 12 ga Oktoba.
Na gaya wa Tanko zan zana masa wata tafiyar, wannan ba za ta Kaduna ba. Ya dube ni, bai tambaya ba. Ya ce dai a rubuta wa kowane ƙunshi suna a baya kada su cakuɗe, in sa "mai tulu" ko wani abu.
Na daɗe riƙe da fensir. Ba kowa a ofis.
Na rubuta Sa'adiya, sunan da bakina bai taɓa kira ba. Haruffan sun ɗan jiƙe. Rufin nan yana yoyo, ko da yake ruwa ya ɗauke.