Guɗa Daga Bayan Darni

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, da addu'ar Allah ya sa kina cikin ni'imarsa, na zo miki da labarin da na san da kina raye za ki yi kamar ba ki ji ba, alhali kin ji sarai.

Shekara biyu bayan rasuwarki na bar Katsina na ƙetaro Nijar, ina zagaya ƙananan makarantun mishan ina koya wa yara wasan kwaikwayo. Kin tuna kina cewa, "Ke dai ba ki da sana'a sai kwaikwayon mutane." To, Inna, da ita nake ci yanzu.

Bana aka turo ni wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Makarantar, ko lakol kamar yadda suke cewa a nan, aji uku ce kacal, kuma ba ta daɗe da buɗewa ba. Shugabanta, Mushe Iliya, don a nan malamin boko Mushe ake ce masa, mutum ne mai kirki amma ba ya son surutu. Iyaye maza sun dame shi da ƙorafi, wai ina riƙe yara da yamma ana tsalle-tsalle, ga wake a gona, ga awaki ba mai kora. Sai ya yanke min magana: "Madam, ranar wasan ga, in iyaye sunka zo, ki ci gaba. In ba su zo ba, shi ke nan, mu rufe."

Na ce na yarda. Don in jawo iyaye mata, sai na aika yara su gaya musu cewa bayan wasa kowace uwa za ta fito tsakiyar fili, ta kira sunan ɗanta, ta yabe shi a gaban jama'a. Har ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara.

Saura kwana uku saƙo ya fara dawowa. Wannan ciwon kai, waccan za ta kasuwar Cadakori, wata kuma surukarta ce ba lafiya. Gari guda ya kwanta ciwo a rana ɗaya!

Inna, kunya ta kama ni da na gane. Lakol sabuwa ce, yawancin yaran 'ya'yan fari ne. Ni 'yarki ta fari da na tashi a ɗakinki, ni da ban taɓa jin sunana a bakinki ba sai "ke" da "waccan", ni ce na ce matan ƙauye su tsaya a gaban surukansu su kira sunan ɗan fari. Boko ya mantar da ni abin da aka raine ni a kansa. Na zauna a bakin aji na yi kuka, don haushin kaina.

Wadda ta cece ni Hajjo ce, 'yar Fulani mai shekara goma, ita ce babbar 'yar wasana. Ta dube ni ta ce, "Madam, mi ya sa ba ki kiran kakanninmu? Su ba su jin kunyar kowa."

Washegari na hau amalanken jaki, na bi gida gida har rugarsu Hajjo. Na soke zancen kiran suna, na durƙusa na gayyaci tsofaffi. Ba wadda ta ce a'a. Wata ma cewa ta yi, "Zan zo in ga mijin nan nawa, ko ya iya wani abu ban da ci."

Ranar wasa bayan la'asar suka iso, da sandunansu da goronsu. Tsohuwa kuwa ba ta ɗaukar tabarma da kanta, dole a rako ta. Haka iyayen da ciwon kai ya kwantar suka warke, kowace da tabarma a ka. Suka shimfiɗa, suka koma bayan darnin lakol suka tsaya, wai jiran tsofaffi suke yi. Maza da suka ji hayaniya suka taho daga masallaci suka jeru a gindin bishiyar bedi.

Wasan a kan awaki ne da suka shiga gonar wake. Na sa 'ya'yan manoma su zama makiyaya, 'ya'yan makiyaya su zama manoma. Hajjo ta ɗaura ɗankwali, ta riƙe ƙugu, ta dinga zazzaga wa makiyayi masifa a kan wakenta. Kakarta ta ɗaga sanda ta ce, "Ke Hajjo, yaushe kinka yi gona?" Fili ya ɗauki dariya, har dattawan da suka zo da fuska a ɗaure. Yarinyar ko gezau, ta juya ta haɗa da kakar a cikin masifar.

Da aka sasanta rigimar, yara suka jeru suka rusuna, sai wata guɗa ta tashi daga bayan darni, doguwa, mai kaifi. Kowa ya waiga. Uwar Hajjo ce, ta toshe baki da gefen mayafi, tana nuna maƙwabciyarta wai ita ce. Ba wanda ya yarda, ba kuma wanda ya tona. Hajjo ta sunkuyar da kai, amma na ga yadda murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Mushe Iliya ya same ni tun kafin a naɗe tabarmi. Ya ce in ci gaba, kuma zai yi magana a ba ni lakol ɗinsu ta wajen Sae Sabuwa. Mun ci, Inna! Mun ci, kuma na yi murna irin wadda ban yi ba tun kina raye.

Shekaru na riƙe ki a zuciya, ina cewa ba ki taɓa zuwa kallon wasana ba. A gaban mutane kawai nake neman ki, ban taɓa waiwayawa baya ba. Ban san ko kin taɓa tsayawa a can ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya. Amma na daina jin haushi, kewarki ce kaɗai ta rage.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya yafe min riƙon da na yi miki. Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan zauna kusa da ke ko ba ki ce komai ba. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki