Mina Tana Jiran Babanta Ya Fito Daga Rami

Tanti Zinatu, don Allah ki taimake ni. Kaina ya kulle, ga shi Asabar ta makon gobe ake jiran amsata.

Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Akokan. Mijina Akoli mutumin Timiya ne, shekara goma sha tara yana aikin haƙar yuraniyom a ƙarƙashin ƙasa. Mu a nan rami kawai muke ce wa wurin: wane ya tafi rami, wane ya fito daga rami. A watan da aka rufe ramin ya kwanta jinya, mako uku Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da 'ya ɗaya, Mina, yanzu shekararta bakwai.

Ranar da aka kai shi makwancinsa, Mina ta dawo daga maƙwabta tana tambayar ina Baba. Kakarta, uwar Akoli, ita ce ta amsa, tsohuwar da Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Ba ta san kalmar kabari ba, sai ta ce mata an kai shi rami. Yarinya ta gyaɗa kai ta koma wasanta. Ina ji, ban gyara ba.

Da ta ji an rufe rami, sai ta haɗa labarinta. Wai an rufe ƙofa Baba yana ciki, shi ya sa yake haƙa sabuwar hanya zuwa Timiya, zai ɓullo a lambun kakarta ya kawo mata lemo. Idan ta dawo daga lekol, wato makaranta, takan kwanta a tsakar gida ta kara kunne a ƙasa. In na dafa shayi, kofi na uku nasa ne, tana zuba shi a gindin bango. Hular kwanonsa kuwa ba mai taɓawa.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, Tanti, ni ma na shiga wasan. Nakan tambaye ta yau ina ya kai, ta ce ya wuce ƙarƙashin kasuwa, ko ya gamu da dutse mai taurin kai. Wallahi sanyi nake ji a raina. Unguwarmu ta watse, kusan kowa ya ɗaura kaya ya koma garinsu, ita kaɗai ke ambatar sunansa kamar mai rai.

To ga abin da ya taso. Rhissa, abokin aikinsa, ya ɗauke shi da kamara kafin a rufe ramin, yanzu ya haɗa fim na tarihin rayuwarsa, za a nuna a gidan matasa ranar Asabar ɗin nan. Na kalla, na yi kuka har na gode Allah. Akwai inda Akoli yake ba da labarin farin da ya kashe musu raƙuma yana ɗan shekara bakwai. Ya ce ya tara duwatsu ya ba kowanne sunan raƙumin da ya mutu, kullum yana kai su kiwo. Amma a ƙarshen fim ɗin yana shiga rami, ya waiwayo ya ɗaga hannu, fitilarsa tana ƙanƙancewa har ta ɓace. In Mina ta ga wannan, wa zai ƙara iya gaya mata gaskiya? In na hana ta, 'yan ajinsu za su gani su ba ta labari. Rhissa yana so mu zauna a gaba. In kai ta ko in ɓoye ta? Ina tsoron in faɗa mata ya mutu, ya zama ni na kashe mata shi.

Mai kofi na uku, Akokan

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Akoli, ya ba ki juriya. Ki fara da sauke laifin daga kanki da kan surukarki. Tsohuwa ta faɗi kalmar da take da ita, ke kuma kika yi shiru a ranar da ba mai iya magana.

Wasan Mina ya yi muku amfani, shi ya riƙe ku biyu tsawon wannan lokaci. Sai dai tana girma, kuma a lekol akwai yaro mai bakin da ba ya tauna magana. Gara ta ji daga gare ki tana kan cinyarki.

Kada ki bari sai ranar Asabar. Ki zaɓi safiyar da ba ta da lekol, ki faɗa mata da kalmomin da ba su da ƙofa biyu: ya rasu, an binne shi a kabari, ba zai fito a Timiya ba. Ki ce da ma kin sani, zuciyarki ce ta kasa. Za ta iya yin fushi, za ta iya sake tambaya sau goma, ki amsa sau goma. In kuka ya zo miki, kada ki juya mata baya.

Bayan haka ki roƙi Rhissa ya kawo fim ɗin gida, ku kalla ku uku kafin taron jama'a. Zama a gaba kuwa, ita za ta zaɓa. Shayin nan kada ki hana ta, ki dai koya mata ta haɗa da addu'a. Ke ma ki samu mutum ɗaya babba da za ki riƙa hirar Akoli da shi, don wannan kaya ya fi ƙarfin 'yar shekara bakwai.

In kun zo wurin duwatsun nan, ki tsayar da fim ɗin ki dube ta. Babanta ya san raƙuman sun mutu tun yana ƙarami, amma bai fasa kiran sunayensu ba. 'Yarsa ce, za ta iya. Allah ya raya miki Mina, ya sanyaya zuciyarki.

Tanti Zinatu