Kaset Ɗin Wasu Yana Hannuna, Namu Kuma Ya Ɓata

Anti, don Allah ki taimaka ki raba mana gardama. Gidanmu ya rabu biyu a kaina, ni kuwa har yau ban ga inda na yi kuskure ba.

Ni ce babba a wurin iyayenmu, kuma aikina gwajin jini a asibiti. Babanmu ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai son kyamara kamar me. Muna yara yana da wata ƙatuwar kyamarar bidiyo irin wadda ake saɓawa a kafaɗa. Ya ɗauke mu muna kuka, ya ɗauke mu muna faɗa a kan filo, ya ɗauki Mama tana shanya tana korarsa da hannu. Amma shi ba ya fitowa, don kullum yana bayan kyamara. Kaset ɗaya ne kawai fuskarsa ta fito a ciki, na ranar da muka tare a sabon gida. Maƙwabcinmu tela ne ya karɓi kyamarar, sai ga Baba riƙe da ƙafar gado, yana dariya, yana ta ba masu ɗaukar kaya umarnin da babu mai bi. Na kalle shi ina 'yar makaranta, kuma har yau ina ganinsa a idona.

Da muka zo gyara ɗakinsa, na tarar da kaset-kaset ɗin cike da kwali a saman durowa, da wasu finafinan hoto da bai kai an wanke ba a cikin jakar kyamara. Na'urar kallon ta daɗe da mutuwa, kuma na zaga ban samu mai irin wannan aikin kusa da mu ba. Sai na ga wani kamfani a intanet: ka aika musu kaya, su wanke hotuna, su juye bidiyo a filashi, su dawo maka da komai. Ƙanena mai bi mini, direban babbar mota, ya ce kada in kuskura, shi ya san yadda ake jifa da kayan mutane a hanya. Ban saurare shi ba. Na goge kowane kaset, na manna masa lamba da irin alƙalamin da nake rubuta sunan marasa lafiya da shi a jikin kwalba, na naɗe su da tsofaffin tawul, na aika.

Gaskiya sun iya aiki, ba zan ci haƙƙinsu ba. Hotunan sun fito tas. Akwai wanda Baba ya ɗauki Mama ta yi barci a kujera da tabarau a goshi, ita kanta ba ta san da shi ba. Bidiyon ma sun fito, har da wanda fumfuna ta fara ci. Amma da na zo kan na tarewa, sai ga wani gida da ban taɓa gani ba. Wata matashiya ce durƙushe a soro mai tayil, ta buɗe hannu, wata jaririya da takalmi ƙafa ɗaya tana tangaɗi zuwa wurinta, wani dattijo yana tafi. Na koma kwali na duba. Yawan kaset ɗin daidai, amma ɗaya ba namu ba ne, babu lambata a jikinsa, kuma na tarewa, mai fuskar Baba, babu shi.

Na kira su. Wadda ta ɗaga wayar ta ba ni haƙuri sosai, ta ce suna nema, ta roƙi in mayar musu da wanda ke hannuna, za su turo a karɓa. Na ce a'a. Manajansu ya kira da kansa ya ce za su mayar mini da kuɗina, na ce ba kuɗi na aika musu ba. Na gaya masa ranar da na Baba ya shigo hannuna, ranar nasu zai fita. Anti, a wurin aikina in na haɗa jinin wani da na wani, rai ake magana, ba a cewa a yi haƙuri. Kuma na san halin kamfanoni: da zarar na sakar musu wannan kaset ɗin, ba ni da sauran abin riƙe su, wayata ma ba za su ƙara ɗagawa ba.

Maigidana ya ce abin da nake yi bai dace ba, kayan mutane ne, kuma mutanen ba su yi mini komai ba. Tun ranar muke 'yar tsama. Direba kuma, bayan ya gama tuna mini cewa ya faɗa, ya ce in yanko bidiyon jaririyar in watsa a intanet, masu shi su fito, kamfanin ya ji kunya. Autarmu kuwa sai kuka take yi. Mama kuwa ba ta sani ba. Kullum na je sai ta tambayi na tarewa, in ce ana kan aikinsa. Ta ma sa an gyara mata talabijin ɗin falo saboda shi.

Wani abu kuma da ban gaya wa kowa ba: na kalli jaririyar nan ya fi a ƙirga. Wani lokaci har in ji kamar na san su. Duk da haka ina kan bakana. Ki gaya wa maigidana ina da gaskiya, don yana karanta filinki.

Babbar Yaya

Babbar Yaya,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Tunda maigida yana karantawa, bari in fara da abin da zai sa ki ɗaga kai: fushinki yana kan hanya. Kin yi naki, kin sa lamba, kin naɗe, su suka yi sakaci. Kin yi daidai da kika ƙi yarda a rufe maganar da mayar da kuɗi, kuma tsoron da kike ji na a manta da ke ba shirme ba ne.

Amma a maganar riƙe kaset, shi ke da gaskiya. Ki duba da idon aikinki. In kwalba biyu suka sauya a ɗakin gwaji, ba ɓata suka yi ba, kowace tana wurin da 'yar'uwarta ya kamata ta kasance. Kwalinki ya dawo da yawansa daidai. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne na Baba yana gidan jaririyar nan, wataƙila ma suna kallon wani mutum da ƙafar gado suna tambayar juna ko wane ne. Kaset ɗin da kika kulle shi ne hanya mafi kusa zuwa gare su. Kina tsammanin kamfani kika matsa wa, alhali wata uwa kika riƙe, kuma idan ita ma ta ce ba za ta saki ba sai an kawo nata, kun zauna ke nan.

Ki mayar, amma ba haka kawai ba. Ki ɗauki hoton kaset ɗin gaba da baya. Kafin ya bar hannunki, manaja ya rubuto miki cewa naku ya ɓata a wurinsu, ya faɗi wanda aka ɗora wa neman, da lokacin da za su ba ki bayani. Ki nemi su tuntuɓi duk wanda aka yi wa aiki tare da ku, su kuma duba na'urorinsu, domin mai yiwuwa an juye na Baba cikin aikin waɗancan, bidiyon yana nan ajiye. Ki ba su izinin miƙa lambar wayarki ga masu kaset ɗin. Wannan rubutun ya fi kaset ƙarfi, da shi za ki kai ƙara wurin hukumar kare masu sayen kaya in sun yi wasa.

Shawarar Direba kuwa, ki gode masa ki ajiye ta. 'Yar mutane ce, a cikin gidansu, uwarta ba ta shirya wa idon duniya ba. Ki rubuta abin da kamfanin ya yi miki da sunanki in kina so, amma ban da fuskokinsu. In an gama, ki goge nasu daga filashinki. Yawan kallon da kike yi bai ba ni mamaki ba, kewa ce ta sami wurin zama.

Masu shirin aika irin wannan kaya, ku ɗauki darasi: ku aika kaɗan ku ga aikinsu tukuna, wanda ya fi muku daraja ya zama na ƙarshe.

Saura magana mafi nauyi, wadda kika saka a ƙasa kamar ba komai ba. Mama. Ba zan yi miki alkawarin kaset ɗin zai dawo ba, ina kyautata zato ne kawai. Idan bai dawo ba, ranar da ta gane za ta yi rashi biyu, na kaset da na yardar da ta ba ki. Matar da ta ga fitar gawar mijinta daga ɗakinta ba labarin kaset ne zai kayar da ita ba. Ku kuke ganin kuna kare ta, ita kuwa ta girme ku a haƙuri nesa ba kusa ba. Ki je da kanki, ban da rakiyar ƙanne, ki zauna kusa da ita ki faɗa mata yadda aka yi. Ki fara da ita kafin ki kira manaja.

Allah ya bayyana muku abinku, ya mayar wa waɗancan nasu, ya sanyaya zuciyar Mama. Ki gaishe ta, ki kuma saki fuska ga maigida, gaskiya ya gaya miki.

Anti